Miyar Suren Inna da Wutar Ƙirjina

Wanda ƙwarnafi bai taɓa kamawa da gaske ba, ya yi shiru in ana maganarsa. Ni ya kama ni, ya zauna, har ya san hanyar gidana. Wuta ce take tasowa daga ƙasan ƙirji, ta bi maƙogwaro ta hau, ta bar maka ruwa mai tsami a baki. Ka yi gyatsa, ba ta fita. Ka sha ruwa, ta lafa kaɗan ta dawo. Ka kwanta, ta biyo ka shimfiɗa.

Aikina albasa. A Jega nake zaune, a Aliero nake neman abinci. Mu fito da albasa daga rudu, wato rumfar da ake ajiye ta, mu tsince ruɓaɓɓiya, mu cika buhu, mu ɗinke bakinsa. Yini guda mutum yana duƙe, kai a ƙasa, ciki a matse. Da ina saurayi ko dutse na haɗiye sai ya narke. Yanzu furfura ta cika gemu, gwiwa tana ƙara in na miƙe, ciki kuma ya fara zaɓen abin da zai karɓa.

A gidana abin bai zama matsala ba. Na ce wa matata ta rage tarugu, ta rage. Magana ta ƙare. Inda abin ya tsaya mini a wuya shi ne Karaye, garinmu da ke gaba da Maiyama.

Can tsohuwata take, ita da ƙanwata wadda mijinta ya rasu ta dawo gida. Inna muke ce mata. Ni ne ɗanta na fari, kuma uwarta Bafulatana ce, saboda haka kunyar ɗan fari a wurinta ba wasa ba ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ba ta duban fuskata. Ba ta tambaya ta lafiya. In na yi sallama, ƙanwata ce take amsawa, ita kuwa sai ta juya wajen turken akuyarta ta ce, "Wasu mutane sun iso ke nan." In tana son in wanke hannu, sai ta ce, "A ce ma wancan ga ruwa nan." In ƙanwata ba ta kusa, akuyar take gaya wa. Wata jar akuya ce mai guntun ƙaho, ta ji maganganun da ni ban taɓa ji kai tsaye ba.

Kada wani ya ce ba ta so na. Haka aka yi ta, haka aka yi uwarta. Ni ma ban taɓa ganin laifin abin ba.

Amma akwai hanya ɗaya da take yi mini magana, ita ce tukunya. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci, sai in hau mashin in tafi Karaye. In zauna a ƙarƙashin rumfa, ƙanwata ta kawo kwano a rufe da faifai. Tuwon dawa da miyar sure, wato yakuwa, mai tsami har haƙori ya mutu, an zuba mata tarugu da daddawa ba tausayi. Inna da kanta take yin ta. Ko ranar da ƙafa ta hana ta tashi, sai an kawo mata murhu kusa.

Yadda aka yi miyar nan ta zama tawa, ni na jawo. Shekarar da na fara zuwa ci-rani Kudu, na dawo a rame, aka ba ni ita, na cinye, na ce wa ƙanwata da ƙarfi, "Tun da na bar gida ban ci miya irin wagga ba." Inna tana bayan danga tana ji. Shi ke nan. Tun daga ranar ba a sake ba ni wata miya a gidan ba. Kuma da tsufa ya zo mata, harshenta ya daina jin yaji sosai, sai hannunta ya ƙara nauyi. Ita tana ƙara tarugu, ni cikina yana ƙara lalacewa.

In na gama, ƙanwata ta ɗauki kwanon ta kai mata. Idonta ya yi rauni, sai ta ɗaga faifan ta sa hannu ta shafa ciki. In ta ji wayam, ta juya wajen akuya ta ce, "To, madalla." Wannan madallar ita nake hawa mashin in je in karɓo. Sau ɗaya na taɓa rage tuwo, wata shekara da zazzaɓi ya kama ni. Daga baya ƙanwata ta gaya mini ranar Inna ba ta sa komai a bakinta ba har gari ya waye.

To ka ga inda nake. Ba zan rage ba. Ba zan iya ce mata miyarki tana ƙona ni ba, domin ni da ita ba mu da wannan ƙofar. Abin da ya rage shi ne in nemo abin da zai kashe wutar bayan na cinye. Da haka na shiga gwajin magunguna, kuma na gwada su gwaji na gaskiya, ba irin na masu ji a bakin wani ba.

Ban yi boko mai nisa ba, amma na san in za ka gwada abu biyu, sai ka ɗora musu kaya iri ɗaya. Miyar ba ta canzawa. Hanyar ba ta canzawa. Sai na mai da hanya ma'auni. In na fito daga gidan, in tsaya a bayan gari in sha maganin wannan makon, in hau mashin. Ta Maiyama nake biyowa. Maganin da wuta ta dawo masa tun kafin Maiyama, banza ne. Wanda ya kai ni gadar shiga Jega, ya yi ƙoƙari. Wanda ya kai ni ƙofar gida har na yi barci, shi ne namiji.

Da kanwa na fara, don ita kowa ya sani. A jiƙa 'yar kaɗan a ruwa, a bari ta kwanta, a sha. Gaskiya tana da sauri. Kafin ka ajiye gorar ka yi wata gyatsa mai tsawo, ƙirji ya buɗe. Amma ba ta da alkawari. Ina wuce Maiyama wuta ta dawo, ga ƙishirwa kamar na ci gishiri da cokali.

Na gwada nono. Akwai wata Bafulatana da take zama da ƙwaryarta a bakin hanya. Sanyinsa yana sauka kamar an zuba ruwa a garwashi, har na fara yi mata addu'a. Ashe lallashi ne kawai. Kafin gada abin ya taso, ya haɗa da nonon, suka hau tare.

Akwai kuma na wani mai lasifika a kasuwa, ruwa baƙi a gora, wanda ya ce yana maganin basir da sanyin ƙashi da ƙwarnafi da mantuwa. Mantuwar kam ban sani ba, don har yau ban manta da shi ba. Ko kwalta ban hau ba na sauka na dafa itace ina amai. Ragowar a gindin itacen na zubar.

Daga nan na haƙura na tafi kemis. Mai kemis ɗin taubashina ne, ɗan ƙanen Inna, a Jega shagonsa yake. Abokin wasana ne tun muna yawo ba wando, bakinsa kuwa ba linzami. Yana hango ni ya fara.

"Bawana, mi yak kawo ka? Ko Goggo ta sake harbe ka da miyarta?"

"Wa ab bawanka? Ba ni abin kashe wuta."

"Ga randa can."

"Kai dai Allah shi shirye ka. Ƙirjina ke ci."

"Ƙato da kai, da gemu, da jikoki, miya ta kada ka. Ka buɗe baki ka gaya mata mana."

"Kai ka je ka gaya mata."

"Ni? In ce mata ɗanta na hwari ya aiko ni? Tabarya za ta biyo ni da ita."

Da na ce masa na sha kanwa, dariyar ta tsaya. Ya jawo abin awon jini ya ɗaura mini a hannu, ya duba, ya ce jinina yana sama, in rabu da kanwa. Ya ce ita da gishiri a wurin mai hawan jini duk tafiyarsu ɗaya. Wannan ban musa ba, don na lura kaina yana sarawa duk ranar da na sha ta.

Farkon abin da ya ba ni wani gari ne a 'yar takarda, wanda ake zubawa a ruwa ya yi ta tafasa ba wuta. Ya ce sau ɗaya kawai, don shi ma ɗan uwan kanwa ne, kwalliya aka yi masa. Haka kuwa na same shi. Sauri kamar walƙiya, gyatsa kamar bajimi, har wani mai jaki ya waiwayo. Ya wuce da ni Maiyama, ya yar da ni kafin gada.

Sai farin ruwan nan na kwalba, mai kauri kamar an dama farar ƙasa. Sai an girgiza shi sosai, in ba haka ba ruwa ka sha, maganin yana ƙasa. Wannan ya yi aiki. Yana shafe maƙogwaro har ƙasa, ka ji wutar tana mutuwa. Ya kai ni gida. Na ce na samu. Mako na gaba sai na yi wayo irin na jahili, na ce in cokali biyu sun kai ni gida, rabin kwalba zai kai ni Asabar. Na kafa kai. Wuta kam ta mutu, amma ciki ya sake. Tsakanin Maiyama da Jega babu gonar da ban gaisa da ita ba. Da na ba taubashina labari sai da ya zauna a ƙasa don dariya.

"An ce maka hura ce? Cokali anka ce, cokali!"

Bayan shi sai ƙwayar taunawa, mai ɗanɗanon alli da ɗan sanyi a baki. Ba ta kai farin ruwa ƙarfi ba, amma tana shiga aljihu, ba ta fashewa, ba ta neman cokali. In ka tauna ta da kyau, ba haɗiyewa ba, tana kai ka gada, wani lokaci har gida. Ita ta zama abokiyar tafiyata. Har na daina jiran bayan gari, ina fita daga gidan, a bayan danga, nake ɓare ta in jefa a baki.

Akwai kuma kafso. Na sha shi wuta tana tsakiyar ci, na jira, ko gezau. Na mayar masa na ce ya sayar mini da ƙaiƙayi. Ya ce ai ya gaya mini, kunnena ne na jaki: wannan da safe ake shan sa kafin a ci komai, kuma ba ranar yake nuna aikinsa ba. Na bi yadda ya ce. Gaskiyarsa. Kafso ba ya kashe wutar da ta riga ta kama, hana ta kamawa yake yi.

To in mutum ya tare ni yau ya ce wanne ya fi, ba na kame-kame. Don sauri da kai wa gida, farin ruwa, bisa awon da aka ce. Don tafiya, ƙwayar taunawa. Kafso na mai haƙuri ne. Kanwa da gari mai tafasa, gyatsa kawai suke sayar maka. Nono abinci ne, a bar shi a abinci. Na mai lasifika kuwa, ko maƙiyinka kada ka ba.

Sai dai duk wannan ilimin nawa bai hana abin ci gaba ba. Da, Juma'a kaɗai wutar take zuwa. Sannu ta fara zuwa Talata, ta zo Laraba, ta zo ko kunu na sha. Ga wani ciwo a tsakiyar ciki kamar ana murɗa ƙusa. Wandona ya fara sauka da kansa. Ranar da na je sayen ƙwayar taunawa karo na biyu a mako ɗaya, taubashina ya rufe durowa ya jingina da ita.

"Ba ni ba ka."

"Bashi na ce ka ba ni?"

"Ko da buhun kuɗi ka zo. Dubi wuyanka. Wanga ya wuce kemis, ka tahi asibiti. In ba ka tahi ba, wallahi Juma'a ni da kai za mu Karaye, in hwaɗa mata gabanka."

Ya san inda zai kama ni. Na tafi.

Likitan bai fara da miya ba. Cewa ya yi me nake sha don ciwon jiki. Na ce abin da kowa ke sha a wurin aikinmu, haɗin ƙwayoyin nan da ake ƙullawa a leda, ka watsa a baki da safe ka bi da shayi, baya ya saki. Ya ce tun yaushe. Na ce tun da baya ya fara. Ya girgiza kai, ya ce su ne suke kankare mini ciki, miya ta zo ta zuba a kan rauni. Aka yi gwaji, aka ce gyambon ciki ne. Ya rubuta magani na makonni, ya ce in rabu da haɗin nan ɗungum. Sannan ba yaji, ba tsami, ba cika ciki, sai ya warke.

Na ce, "Likita, ban da Juma'a?"

Ya ce, "Baba, ciki bai san Juma'a ba."

Haɗin ƙwaya na daina a ranar, baya ya yi ta zagina, na ƙyale shi. Wannan mai sauƙi ne. Juma'a ce ta yi ta matsowa.

Na tafi da niyyar in cinye. Gaskiya ke nan. Na cika aljihu da ƙwayar taunawa, na ce likita ba shi da uwa a Karaye. Na yi sallama, ƙanwata ta amsa, Inna ta gaya wa akuya wasu mutane sun iso. Ƙanwata ta ajiye kwano, ta ɗauki bokiti ta tafi rijiya. Gidan ya rage ni da Inna da akuya. Tana zaune a ƙofar ɗakinta, ta ba ni gefe, tana ɓarar gyaɗa.

Na ɗaga faifai. Ƙamshin ya bugo ni, yawuna ya tsinke. Na yi loma ɗaya, na yi ta biyu. A ta uku ƙusar nan ta murɗa har gumi ya keto mini. Na zauna da tuwo a hannu. Sai na ga abin a fili: in na ci gaba a haka, wata Juma'a za ta zo da za a dafa miyar nan ba mai ci. Kwanon ranar kuwa ba rabi za ta shafa ta ji ba, cike za ta same shi.

Na mayar da lomar. Na rufe kwanon. Ƙarar faifan ta zo da wuri ƙwarai, na ga hannun Inna ya tsaya a kan gyaɗa.

Ban taɓa yi ba, amma na ga yadda ake yi shekara da shekaru. Na juya wajen turke, na gyara murya.

"Ke akuya," na ce. "Ki hwaɗa ma masu gidan ga, miya ta yi daɗi, ba ta taɓa hwasa daɗi ba. Ciki ne yat tsuhwa. Likita ya ce akwai gyambo, a bar yaji da tsami sai ya warke."

Akuya ta dube ni tana tuƙa. Kunya ta rufe ni kamar an tuɓe ni a kasuwa. Har na fara neman takalmina da ƙafa.

Can sai Inna ta watsa wa akuyar ɓawon gyaɗa, ta ce, "Ke kuma ki hwaɗa ma wasu mutane, ido ne yam mutu, kunne na nan. Tun bara nike jin ana ɓare takarda bayan danga, ana taunar abu ƙurus-ƙurus kamar ɓera. Na aza bakinsu ba shi buɗewa sai an kai su kwance."

Na ce wa akuya, "To mi yas sa ba a rage tarugun ba?"

"Ji wata magana," in ji Inna. "In rage, ba wanda yac ce in rage? Duniya ta ce ina zaune ina kallon cikin ɗan hwari? Ni ba a haihe ni haka ba." Ta ja kwandon gyaɗarta. "Yanzu da anka hwaɗa ma akuya, ai akuya na ji."

Ƙanwata ta dawo daga rijiya. Ta ɗaga kwano ta ji nauyi, ta dube ni ido waje. Ta kai wa Inna tana ɗari-ɗari. Inna ba ta sa hannu ba. Ta ce a juye mata a ƙaramin kwano, ita za ta ci, yunwa take ji. Ina zaune ta ci, tana yi tana jan hanci, tana cewa wa ya zuba wa miyar nan tarugu haka.

Ranar ban tauna komai a bayan danga ba.

Juma'ar da ta biyo, miyar kuka na tarar, ba yaji ko ƙwaya, da ɗan man shanu a sama, tuwon kuma an rage shi. Ba zan yi ƙarya ba, salam take. Hannun Inna bai san miya marar faɗa ba. Na cinye tas, na siɗe kwano. Ta shafa ciki, ta ce wa akuya madalla. Na wuce Maiyama, na haye gada, na isa gida, ba abin da ya taso.

Na gama maganin likita, ciwon ya lafa. Ƙwayar taunawa tana nan a aljihuna saboda gidan biki da tuwon maƙwabta, amma sai ta yi wata ban taɓa ta ba. Taubashina ya ce na kashe masa kasuwa, bawan banza. Miyar sure kuwa ina kewarta, ba ƙarya. Na gaya wa akuya haka kwanan baya, aka ce a gaya wa wasu mutane su kama kansu.

Da damina ta matso, ƙanwata ta kawo shawarar a sayar da jar akuyar a sayi taki, tunda ta tsufa ta daina haihuwa. Ina wurin ta faɗa. Kafin in buɗe baki Inna ta riga ni.

"A sayar da tunkiya," ta ce. "Wagga tana da aiki."